Awo na Ukun da Ba Ki Yi Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, Allah ya karɓi ranki, likitar hoton ciki da mu matan layin awo muke kira Anti Sake-Auna. Ni sai ranar Alhamis na ji, a ƙofar ɗakinki, riƙe da katin da kika rubuta mini ranar dawowa. Na ce wa ma'aikaciyar jinya ba komai, zan jira ki. Har yau ban san abin da ya sa na faɗi haka ba.

Cikina yana wata bakwai kika ɗora na'urar a marata. Hanjin jaririn ya buɗe fiye da ƙima: milimita tara, alhali bai kamata ya wuce bakwai ba. Na tambaya ko toshewa ce. Kika sa hannunki kika goge man da kika shafa mini a ciki, kika ce, "Ƙanwata, hanji motsi yake yi. Tashi ki zaga baranda, ki dawo mu sake." Mun sha yin tsegumi a kan benci cewa mai shiga wurinki sai da guzuri. Allah ya yafe mana.

Bayan mako biyu kika sami goma, amma ruwan da ke kewaye da yaron, wanda kan ƙaru in akwai toshewa, bai ƙaru ba. Mijina ya matsa ki faɗa masa ko za a yi wa ɗansa tiyata. Kika ce awo biyu ba su isa ki tsorata uwa ba, ba su kuma isa ki yi mata albishir ba, sai na uku.

Na ukun abokin aikinki ne ya yi, cikin minti biyar. Ya ce takwas, da sauƙi. Na rasa ko murna zan yi ko kuka. Ba wanda ya sa ni, na tashi na zaga baranda, na dawo na ce ya sake. Ya dube ni, ya dubi katin da ke hannuna, ya ce, "Kwanta." Takwas ya kuma samu.

Saura mako biyar in haihu. Kowa cewa yake in kwantar da hankalina, ni kuwa bakin da ya iya ce mini "ban sani ba tukuna" nake nema.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sassauta miki awon ranar gobe. Ya ba mahaifiyarki da 'ya'yanki haƙurin rashi. Mu kuma ya sauke mu lafiya.