Nozul ɗin Manomin Augie

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, mu biyu ke gwajin nozul, wato bakin da ke fesa wa inji mai, a wani gareji a Birnin Kebbi, ni da ƙanena ɗan baffana, wanda ni na koya masa aikin. Mukan ɗaura nozul a famfon gwaji, mu danna, mu duba ko man gas na fita kamar hayaƙi ko kuwa ɗiga yake yi.

Wata Laraba wani manomin albasa ya zo daga Augie da nozul ɗin injin ban ruwansa. Na miƙa hannu, sai ya mayar da shi aljihu.

"Yi haƙuri, Malam, ƙanenka nika jira. An ce hannunai ya hi naka."

Da ƙanen nawa ya gama gyaran suka tafi masallaci, na ɗaura nozul ɗin a ɓoye, ina fatan ya ɗiga ko sau ɗaya. Sau shida na danna, feshin na fita sumul.

Ƙanen nawa ya dawo ya tarar da hannuna duk mai.

"Yaya, akwai gyara?"

"Babu," na ce. Sai da na kwana uku ban iya haɗa ido da shi ba.