Kilo Biyu a Mizanin Hurda

Wata takwas na atisaye, gwangwani biyu na kiriyatin, garin ƙara ƙarfin tsoka, da gasa guda ta ɗaga ƙarfe a wani kulob a Omdurman, inda ba a yarda ɗan rukuninsa ya wuce kilo saba'in da biyar ba. Abin da maƙwabcina mai walda ya zuba ke nan, kuma saura ƙiris in zubar masa da shi duka.

Kafin yaƙi ina sayen hurda, wato tsofaffin ƙarafa, a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Rumfarsa na jikin tawa. Bahaushe ne irina, jikan alhazan da suka yada zango ba su koma ba. Daga unguwar Dar Salam yake zuwa kullum, mota biyu, kuma kafin ya kunna injin walda sai ya ɗaga ƙarfe awa guda. Ba shi da kuɗin kulob, saboda haka ya haɗa kayansa da kansa daga gangunan birkin manyan motoci da sandar aksil. A wurina ya saye su, a mizanina aka auna, ya rubuta nauyin kowanne da farin fenti.

Ni na samo masa garin a hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa Masar. Na ɗauka buɗewa zai yi ya afka. Sai ya kai gwangwanin wurin mai kyamis aka karanta masa: ƙaramin cokali ɗaya a rana, ruwa da yawa, kuma tsoka za ta riƙe ruwa, nauyi ya ɗan ƙaru.

"Usta, ka ninka cokalin mana, ka gama da wuri," na ce masa. Usta ake kiran gwanin sana'a a can.

"Kawu, so kake ya ƙare in sake saye. Garin nan ba ya ɗaga ƙarfe. Sau ɗaya ko biyu yake ƙara maka a ƙarshe, in ka riga ka ɗaga sau takwas da guminka."

Ban taɓa ganin ya tsallake rana ba. Yana gama cin ful ɗinsa na safe, wato dafaffen wake, sai cokali, sai jarkar ruwa. Kowace Alhamis kuma ya hau mizanina. Daga saba'in da biyu ya tashi saba'in da huɗu, ya tsaya nan. Ya ce alhamdu lillahi, da sauran kilo guda.

To, gaskiya ɗaya ce. Mizanin mai sayen hurda yana da ciki. Nawa yana cin kilo ɗaya a kowane ashirin da biyar. Muna cewa na tsatsa da ƙasa ne, kuma na daɗe da shi har na manta yana ci. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutum ba shi da tsatsa ba.

Ranar gasa na raka shi. Ya hau nasu ma'aunin: saba'in da bakwai. Ya sauka, ya tuɓe riga, ya sake hawa. Nan take na gane. Na ja shi gefe na gaya masa, ban rage komai ba.

Ya ce, "Ya zol! Kai malam! Har ni ka saya a matsayin hurda?"

Aka ce ko ya janye, ko ya shiga rukunin da ke sama, cikin ƙarti masu kilo tamanin da wani abu. Na ce mu tafi gida, laifina ne. Yana ɗaure ɗamara bai ko kalle ni ba.

"Kawu, tsaya. Ƙarafan nan nawa, a ina aka auna su?"

"A wurina."

"To, ashe su ma ka cuce su."

Ya riga ni lissafi. Abin da ya rubuta wa ɗari da hamsin, ɗari da hamsin da shida ne. Wata takwas yana ɗaga abin da ya fi zatonsa. Ya je teburin alƙalai ya ƙara a kan nauyin da ya ce zai fara da shi. Ya ɗaga na farko kamar buhun gawayi. Na ƙarshe ya tsaya masa a gwiwa, jijiyar wuya ta miƙe, ya ja shi a hankali har ya tsaya cak. Na uku ya zo, cikin mutanen da kowannensu ya fi shi jiki.

A motar komawa bai yi mini gori ba. Washegari dai ya shigo rumfata da sukudireba, ya buɗe mizanin ya daidaita shi, sannan ya ɗiga walda a kan kusar don kada hannu ya sake kai wa gare ta.

Shi ya rasa rukunin da nake ganin da ya zo na ɗaya, ya samu na uku a wanda ya fi shi. Ni na rasa kilo huɗu a kowane ɗari har ranar da muka rufe rumfunan. Amma masu tura kurar hurda suka ji labari, suka riƙa wuce rumfa uku su kawo mini kaya. Da na auna, ban yi asara ba.