Tayoyin da Baba Ya Zaɓa

Motarmu tsohuwar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu. Akwai wata ƙaramar giya kusa da babbar, idan aka shiga taɓo sai a ja ta, ƙafafun gaba su ma su kama aiki tare da na baya. Motar ta girme ni, ta girmi Yayana, ina ma zargin ta girmi wasu daga cikin dattawan da ke zama a ƙofar masallacin unguwarmu a Kusada. Baba ne mai ita, Yaya ke tuƙawa. Da rani ya kwaso hatsi daga Dudunni da Kaikai zuwa kasuwar Kankia, da damina ya kai wa manoma taki.

Ni kuwa aikina a gidan kai saƙo. Yaya ɗan fari ne, Baba kuma mutumin da ne: ba ya kiran sunansa, ba ya kallon idonsa, ba ya yi masa magana kai tsaye. Ko suna zaune a tabarma ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa, sai Baba ya waiwayo ni ya ce, "Kai, ce ma wancan ya duba ruwan mota." Ni kuma in gyara murya kamar mai shelar ɓatan akuya, in ce, "Wancan, an ce ka duba ruwan mota." Yaya ya sakar mini ranƙwashi. Tsakiyar kaina har yau akwai ɗan lotsawa, duk ladan aikin ke nan.

Daminar waccan shekarar tayoyin motar sun suɗe, sun yi sumul kamar ƙwaryar fura. Kafewa ta zame mana sana'a. Mutanen hanyar Kaikai har sun daina tambayar ko mun kafe, sai dai su ce, "Yau a ina?" Baba bai taɓa yarda laifin taya ba ne. A wurinsa direba ne bai iya ba. Da hadarin daminar da ta biyo baya ya fara haɗuwa, wata rana bayan la'asar ya kira ni, alhali Yaya na tsugune a gabansa yana wanke hannu.

"Ce ma wancan zan sayi taya. Amma wallahi in motar nan ta sake kwana a daji, sai na karɓe makullina."

Wannan saƙon ban yi masa muryar shela ba. Na san abin da Baba bai sani ba: wani abokin Yaya ya daɗe yana kiransa a waya, ya je Legas ya ja babur. A ɗakinmu Yaya ya gaya mini, yana kwance yana kallon rufi, cewa ranar da aka karɓi makullin nan, ranar zai ɗaure jakarsa. Shi ya koya mini keke, shi ke rufa mini asiri idan na tsere kallon ƙwallo. Gidanmu babu shi, ban ma iya kwatanta shi a raina ba.

Ranar sayen taya mu uku muka tafi Kankia, ni a tsakiya kamar kullum, giya na dukan gwiwata. Mai shagon mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe a garin har Katsinancinsa ya fi nawa daɗi. Ya jero mana iri uku a ƙofar shago. Akwai mai ƙananan zane, ta kwalta zalla. Akwai tsaka-tsaki, wadda ya ce tana bin kwalta ba hayaniya, tana kuma cin burji da taɓo daidai gwargwado. Sai ta ukun, wata uwar taya mai haƙora gatso-gatso, kowane haƙori kamar curin dawo. Na rantse da a ce ta yi hamma da ta haɗiye ni. Abin da Baba ya zo da shi zai sayi tsaka-tsaki huɗu, ko kuma masu haƙoran guda biyu.

Baba tsohon mai cinikin shanu ne, kuma haka ya duba tayoyin. Ya mari gefen wannan, ya shuri waccan, ya zura yatsa cikin zane. Da ya zo kan mai haƙoran, yatsansa ya nutse har gaɓa ta biyu, sai na ga fuskarsa ta saki. Na san an gama.

Yaya ya jawo ni gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Ka ce mashi mu ɗauki tsaka-tsakin nan huɗu, iri ɗaya. Waɗannan manyan sun fi na gabanmu tsawo nesa ba kusa ba. In na ja ƙaramar giya, baya zai riƙa gudu gaba na rarrafe. Wani abu sai ya karye a ƙasa."

Na kai saƙo yadda yake, ban ƙara gishiri ba, abin da ba halina ba. Baba bai ɗago daga kan tayar ba.

"Tambayi wancan, sa'ad da na fara shiga mota yana ina?"

"Wancan, an ce kana ina?"

Ba wanda ya yi dariya. Sai mai shagon ya sa baki, da nufin alheri.

"Alhaji, ka yi haƙuri, amma yaron nan gaskiya ya faɗa. Ni ciniki nike so, ka ɗauki manyan ma ya fi mani. Amma irin motar nan ba a haɗa mata dogo da gajere. In masu haƙora kake so, ka bari sai ka samu halin huɗu."

Da bai yi magana ba, da wataƙila Baba ya zagaya ya zagaya ya ɗauki huɗun, ya ce dama su ya yi niyya. Amma ga masu faci biyu sun tsaya suna saurare, ga wani mai rake, an kuma ce ɗan da ya haifa ya fi shi gaskiya. Baba ya miƙe ya kaɗe hannu.

"Oga, taya na zo saye ko shawara? Biyun nan. Ka sallama ko in yi gaba?"

"Na sallama, Alhaji. Allah ya tsare."

Aka ɗaura su a baya. Motar ta turo gindi sama ta kifa hanci ƙasa, kamar akuya mai cin dusa. A kan kwalta kuwa wani irin gunji tayoyin suka riƙa yi, har kaji na watsewa tun ba mu ƙaraso ba. Baba na jin gunjin nan yana gyaɗa kai kamar ana yi masa kirari.

Farkon damina abin ya yi kyau. Ruwa bai yi nisa ba, haƙoran baya kaɗai suna fitar da mu, Yaya bai taɓa ƙaramar giya ba. Duk dawowar da muka yi sai Baba ya ce, "Tambayi wancan, me ya karye yau?" Ni ma na fara sakin jiki.

Sai ranar da aka kwana ana ruwa, muka ɗauki takin mutanen Kaikai, Baba ya ce zai bi mu don yana da ta'aziyya a can. Akwai wani kwari a hanyar, gero ta dama, dawa ta hagu, ba wurin kaucewa sai dai ka bi ta kan shukar mutane. Ranar kwarin ya zama kunu. Muna shiga tsakiya motar ta tsaya. Manyan tayoyin suka yi ta juyawa suna watsa taɓo har saman buhuna, suna haƙa wa kansu rami.

Yaya ya ɗora hannu a kan ƙaramar giya, bai ja ba.

"Ce ma Baba sai na sa ta. In na sa kuma, na faɗa tun a Kankia."

"Ce ma wancan ya bar mani wa'azi ya fid da mu."

Ya ja. Motar ta yi nishi, ta yi tsalle, ta fito. Har na buɗe baki zan yi kabbara. Amma gaba kaɗan akwai wani taɓon, tsakaninsu kuma tudun burji mai tauri, ba halin tsayawa a cire giya da irin lodin nan. Muna hawa tudun motar ta fara fizga, sitiyari na ƙwacewa a hannun Yaya, ƙasanmu na ƙara kamar ana tauna ƙashi. Sai ji muka yi ƙas! Wani ƙarfe ya daki ƙasa. Inji na aiki, mota ba ta motsi.

Yaya ya kwanta cikin caɓi ya leƙa. Furofela ce, doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi ga ƙafafu, ta tsinke tana lilo. Kamar jira ake, ruwa ya dawo. Tamfol ɗinmu duk huji ne. Masu taki suka zo da amalanken shanu suna kwashe buhunan da suka fara jiƙewa, ba wanda ya yi mana faɗa, sai "Allah ya kyauta, Alhaji" kawai, wanda ya fi faɗan ciwo. Kowa ya ga motar nan a nan za ta kwana.

Baba ya tsaya ruwa na zuba daga hularsa. Ya dubi mutanen, ya dubi motar. Sannan ya dube ni.

"Karɓo mani makullina."

Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Yaya ya zaro makullin ya sa mini a tafi, duk taɓo, na juya na sa a tafin Baba. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba, ni da na sha dakon buhun gero.

Washegari bakanike ya je ya ɗaure furofelar aka jawo motar gida. A ƙofar gidanmu, Baba na tsaye, ya faɗi abin da Yaya ya faɗa a Kankia, kusan kalma da kalma. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya kyauta, ya shige.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit, ni ma na rasa aikin yi, don ba mai aiken wani. Yaya ya wanke kayansa ya shanya. Inna ma kunyar ɗan farin take yi, ba ta iya cewa kada ya tafi, sai dai ta yi ta tura mini tuwo mai yawa in kai masa, tana cewa hayaƙi ne ya sa idonta ja, alhali a ranar gawayi take amfani da shi.

Baba kuwa ya yi abin da ya iya. Ya auno gero ya sa na rarraba wa mabukata a unguwa, sai daga baya na gane kaffarar rantsuwarsa ce yake fitarwa, don ya samu halin mayar wa Yaya makullin. Ya sayar da ɗan maraƙin da yake kiwo, ya tafi Kankia shi kaɗai, ya dawo da tsaka-tsakin nan huɗu, iri ɗaya. Bai kai su wurin mota ba. A tsakiyar zaure ya jera su, inda duk mai fita sai ya tsallake. Yaya ya tsallake su da safe, ya tsallake su da yamma. Na ce masa, "Yaya, ka fa gane, haƙuri ne wannan ake ba ka." Ya ce taya ba ta magana.

Ranar da zai tafi, da hantsi ya durƙusa a ƙofar ɗakin Baba ya yi sallama. Baba ya ce, yana kallon bango, "Allah ya tsare hanya." Yaya ya saɓa jaka ya nufi tasha. Bai daɗe da fita ba Baba ya kira ni, ya zaro makullin daga aljihu.

"Kai ma wancan."

Na yi gudun da ko kare bai kamo ni. Na tarar da Yaya a cikin motar Kankia, gefen taga, saura mutum biyu ta cika. Na miƙa masa makullin ina haki. Ya dube shi, bai karɓa ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce in kawo maka."

"Shi ke nan?"

Ni da ƙarya ba ta yi mini wuya, na tsaya ina neman wadda zan shirya, amma Yaya ya san muryar Baba ya san tawa.

"Shi ke nan," na ce.

"Koma ka ce mashi a gaban mutane ya karɓa. Ya zo nan ya ba ni da hannunshi. Ko bai ce komai ba, in ya miƙo mani da kanshi zan sauka."

Na koma da wani gudun. Na faɗa wa Baba, numfashina na tsinkewa. Sai ya jawo takalmansa ya sa, ya ɗauki hula. Ya tsallake tayoyin ya fita, ina binsa a baya, yana tafiya da sauri irin wadda ban san yana da ita ba, har muka kai kwanar da ake hango tasha.

A kwanar akwai rumfar da abokansa ke zama. Suna ganinsa suka ɗauka.

"A'a, Alhaji! Ina zuwa da sauri haka? Ko rakiyar babban ɗa za a yi?"

Suka yi dariya, ba da mugunta ba. Baba ya tsaya cak. Na ga ƙafarsa ɗaya ta ɗaga ta koma. Sai ya juya wajen rumfar, ya miƙa musu hannu, ya fara gaisuwa, yana tambayar gida da gona da ruwan shekaranjiya, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba.

Ina tsaye a bakin hanya na ga kwandasta ya tura mutum na ƙarshe, ya buga ƙofa. Yaya ya leƙo ta taga yana duban wajenmu. Na ɗaga masa makullin sama, ban san me nake nufi da hakan ba. Motar ta hau titi ta miƙa.

Baba bai waiwaya ba sai da ƙararta ta ɓace. Sannan ya saki hannun mutumin da yake gaisawa da shi, ya zauna a bakin bencin, ya cire hularsa ya riƙe a cinya.