Gidan Jan Bulo da Tsohon da Muka Fitar

Gidan jan bulo yana nan har yau a Port Richmond, unguwarmu a nan Amurka, bayan layin shaguna, inda bas ke juyawa ya nufi tashar feri, jirgin ruwan fito. Yanzu cocin tsofaffin sojoji ne. Akwai tuta a ƙofa, akwai gicciye a kan rufi, ran Lahadi kuma sai ka ga dattawa da huluna masu lambobi, wasu ana tura su a keken guragu. In zan je sayen nama nakan tsallaka titi tun kafin in kai wurin. Ba don su ba. Su ba su yi mana komai ba.

Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu, haifaffiyar unguwar, ita ta ba ni tarihin gidan. Ta ce matan coci ne suka gina shi tun zamanin kakarta, irin masu lulluɓin nan da ba sa aure, saboda ma'aikatan jiragen ruwa da baƙin da suka sauka da ciwo ba su da kowa. Ba asibiti ba ne, ba a warkar da kowa a ciki. Gado ne, da miya mai zafi, da wanda zai zauna kusa da kai har ka cika. Da matan suka tsufa suka ƙare, wani ya saya ya yayyanka shi ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan haya.

Lokacin da maigidana ya kawo ni Amurka, 'yan kasuwar Nijar ne a ƙasan gidan, masu tallan huluna da lema da safar hannu a bakin titi. Babu wanda ya shirya, amma sai gidan ya koma aikinsa na da. Duk namijin da ya kwanta ciwo ba shi da mata a nan, ɗakin baya na gidan jan bulo ake kai shi. Mu matan unguwa mu aika da abinci. Mai jinyar kuwa wani tsoho ne ɗan Maraɗi, kowa Baba yake ce masa. Shi ke juya marar lafiya, shi ke wanke shi, shi ke laƙƙana masa kalmar shahada in lokaci ya yi. Matarsa ta rasu a gida yana nan, bai samu zuwa ba, kuma bai sake maganar komawa ba.

Sai ciwo ya zo kan Baba. A hanta ne. Asibiti suka ce sun yi iyakar yinsu, a mai da shi gida, nas za ta riƙa leƙowa. Aka kwantar da shi a ɗakin da ya yi jinyar mutane. Kullum in na raka yara makaranta sai in biya da kunun gyaɗa a fulas. Cokali biyu zai sha ya kau da kai.

"Ɗiyata, ku Kanawa kun cika sukari," in ji shi. "So kike ki kashe ni kafin lokotoron asibiti ya gama nashi?"

"Baba, jiya kai ka ce babu sukari."

"Jiya ai wani mutum ne. Wannan na yau ya fi shi hankali."

A cikin wannan hali aka sayar da gidan. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta saya za su yi coci. 'Yan haya suka watse, wasu Bronx, wasu Harlem. Ma'aikata suka shigo suna rushe bangayen katako, babban zauren da aka ɓoye shekara da shekaru ya fito da dogayen tagoginsa. Saura Baba a ɗakin baya.

Wata safiya na iske fastonsu a bakin ƙofa, wani dogon baƙar fata mai furfura, yana ɗingishi. Na ce a raina korar ce ta zo. Sai ya cire hula ya tambaye ni ko ni 'yar tsohon ce. Na ce kusan haka. Ya ce in gaya wa mutanenmu kada a taɓa shi. Ɗakin yana da ƙofarsa ta baya, mu shiga mu fita yadda muka saba, mu yi sallarmu, har Allah ya yi ikonsa. Ya ce ya hana ma'aikata buga guduma ta wannan gefen.

Na tambaye shi dalili, don ban saba ganin haka ba a garin nan. Ya ce lokacin yana soja an kai shi wata ƙasa a Turai, cocin barikinsu wani tsohon gini ne na dutse, ya yi ɗaruruwan shekaru. Asalinsa masaukin matafiya ne masu zuwa ziyarar ibada a ƙafa, waɗanda ciwo ya kayar a hanya. Ana jera musu gadaje a zaure. Daga baya yaƙi ya zo, sojoji suka karɓe ginin, aka fitar da gadajen aka jera benci. Ya ce duk sanda ya tsaya wa'azi a can yakan tambayi kansa, na ƙarshen da aka fitar ina aka kai shi, wa ya ɗauke shi. Ya ce ba ya son a yi wannan tambayar a kansa.

Na koma gida ina ta hamdala. A satin ne aka kafa gicciyen a kan rufi, wani ya ɗauki hoto ya watsa a waya, maza suka kira taro. A falonmu aka yi, bayan la'asar ta Lahadi, ina kicin ina jin komai.

"Ni dai ba da ni ba," in ji wani Alhaji mai shagon atamfa. "Gobe a buga waya Maraɗi a ce ina ya cika, mu ce a coci? Da bakin wa?"

"Ai ba cikin cocin yake ba, Alhaji, ɗakin baya ne," in ji wani ɗan Zangon Kumasi mai aiki a asibiti.

"Rufin ɗaya ne ko biyu? Kai dama ku mutanen Gana kun saba, kawunka fasto, gwaggonka Hajiya."

Aka yi dariya. Wani ya ce yau ɗaki suka bayar, gobe littafinsu za su ajiye masa a ƙarƙashin filo. Wani ya ce mala'ikun rahama ba za su shiga ba. Babu malami a cikinsu, kuma babu wanda ya ce a je a tambayi malami. Babu wanda ya ce a tambayi Baba. Babu kuma wanda ya ce a kawo shi gidansa, kowa da uzurinsa, gidan haya ne, ga yara, ga matakala. Mu ma a hawa na uku muke. Aka tsaya a kan wani gidan jinya a can ƙarshen Queens, aka ce za a riƙa zuwa bi da bi.

Da suka watse na ce wa maigidana, "Baban yara, mutumin nan fa shi ya rufe idon mutanenmu. Wa zai rufe nasa a Queens?"

Ya ce, "Ba kusa da filin jirgin JFK ba ne? Kullum ina can da tasi ina jiran fasinja. Zan riƙa leƙawa. Ke dai maganar maza ce, an gama."

Ni aka bar wa gaya wa Baba, don an ce ya fi jin maganata. Ya saurara har na gama, idonsa a sama.

"Mi suka ce shina bisa rufin?"

"Gicciye, Baba."

"To ni daga nan silin nika gani. Ɗiyata, ki ce musu su bar ni. Nan na san inda gabas take ko ido rufe. Nan kuna kusa."

Na kai saƙon. Aka ce ciwo ne ke magana.

Ranar da motar asibiti ta zo, faston da wasu tsofaffin sojoji biyu suka fito suka tsaya a gefe, huluna a hannu. Namu mazan mutum biyu ne suka samu zuwa, sauran suna wurin aiki. Ma'aikatan motar suka shiga ɗakin Baba. Da aka ɗaga shi sai ya riƙe gefen ƙofa da yatsunsa, ma'aikacin motar ya ɓamɓare su a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Queens ɗin nan daga wurinmu bas ne, da feri, da jirgin ƙasa, da wani bas ɗin. In na tafi bayan na kai yara, ina isa lokacin juyowa ya yi. Na je iyakar yadda na iya. Wurin da tsabta, ma'aikatan ba su da laifi, amma babu mai jin Hausa, Turancin Baba kuma na ciniki ne. An haɗa shi ɗaki da wani tsoho da talabijin ɗinsa ba ya mutuwa. Zuwan bi da bi ya yi sati guda ya lalace. Maigidana ya leƙa da farko, daga baya ya ce in ya bar layin tasi sai ya koma baya.

Ran wata Talata aka bugo wa Alhaji mai atamfa waya. Aka ce da aka kawo wa Baba abincin rana aka tarar ya riga ya tafi. Da na je na tambayi nas ɗin wurin ko ya faɗi wani abu, ko akwai wani a kusa. Ta ce ta yi baƙin ciki, ba ta sani ba, da safe dai yana numfashi. Ɗan Kumasin nan da ya yi masa wanka ya gaya wa matarsa, ita ta gaya mini, cewa sun sha wuya kafin idon ya rufu.

An yi masa salla, mutane sun cika masallaci har waje, har da waɗanda ba su taɓa taka Queens ba. A wurin zaman makoki ina miƙa farantan shinkafa ta bakin labule na ji Alhaji yana waya da Maraɗi, da ƙarfi, yadda ake yi in layi ba kyau.

"A asibiti ya cika, cikin mutunci. Mun tsaya a kansa. Ku gode wa Allah, mun fitar da shi a kan lokaci."

Maza suka amsa da alhamdulillahi. Na ji muryar maigidana a ciki.