Malama 'Yardada Mai Kifin Gilashi

Da an idar da sallar asuba, tun kafin a ɗora ruwan koko, Malama 'Yardada tana ɗakin ƙurya na gidanmu a unguwar Sheshe cikin Kano, tsaye gaban akwatunan gilashi guda shida, tana duba kifinta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ba su abinci sai ta ga idon kowa. In ta gamsu, ta ɗebi garin da ta daka da hannunta, busasshen zogale da ɗan jatan lande, ta barbaɗa da yatsu biyu. Ran Asabar ta zuƙe kwatan ruwan da tiyo, ta maye da na rijiyar gida. Ruwan rijiyar tamu zartsi gare shi, ko akuya sai ta yamutsa fuska, amma su kifin nan shi suke so. Bakwai da rabi ta yafa mayafi ta tafi aiki. Haka muka san ta har watan jiya da ta yi ritaya.

Shekara talatin da biyar ta yi tana kula da ɗakin gwaji a wata makarantar sakandaren 'yan mata. Ba malamar aji ba ce. Ita ce mai wanke kwalabe, mai jera kayan aiki kafin ɗalibai su shigo, mai kulle ƙofa in sun fita. Kifin kuwa gadonsu ta yi: wani malamin bayoloji aka yi wa canjin wurin aiki, ya tafi ya bar guda huɗu a cikin gilashi, ga dogon hutu ya zo. Ta zuba su a bokiti ta taho da su gida. Dangin karfasa ne, sai dai ƙanana, launin ruwan ɗorawa, a littafi ana ce musu sikilid. Ba a cin su. Innarmu, uwar mijina, har ta koma ga Allah ba ta daina tambayar amfanin kifin da ba ya shiga miya ba.

Amfanin, Malam Ashafa ne zai faɗa muku, wanda ke koyar da bayoloji a makarantar yanzu. Ya ce makarantu goma sha ɗaya ne a birnin nan suke da kifi mai rai a ɗakin gwaji, kuma duk daga ɗakin ƙuryar nan suka fito, kyauta. Ya ce yarinyar da ta ga kifi yana numfashi da idonta ba ta mantawa a jarrabawa. Mai yanka gilashi a Jakara ma ya shaide ta, ya ce ita ta koya masa irin gam ɗin da ba ya kashe kifi, shi da ya gaji sana'ar daga ubansa.

Waɗannan shaidun mutane ne. Ga tawa, kuma yau ne karo na farko da zan faɗe ta a bainar jama'a.

Ni Lauratu, matar ƙaninta Sabo ce. Watana huɗu da tarewa aka yi ƙaramar Sallah. Kun san amarya da neman suna. Ranar jajibiri Yaya 'Yardada ta tafi kasuwar Kurmi sayayya, ni kuma na ɗaura ɗamarar wankin Sallah: na wanke tukwane, na goge kwanuka, na share har bayan randar ruwan sha. Da na leƙa ɗakinta na ga gilasan nan sun yi gansakuka, duwatsun ciki sun yi kore, sai na ce wannan ai abin kunya ne baƙi su gani. Lokacin gilasan uku ne. Na kwashe kifin a baho, na samu sabulu da soso na dirje komai, har soson injin da ke hura wa kifin iska ban bari ba. Na cika da ruwan famfo sabon tarowa, mai ƙamshin magani, don a ganina ya fi na rijiya tsabta. Na mayar da kifin, na tsaya ina yaba aikina. Wallahi gilasan sun yi kyau.

Kafin la'asar kifin sun fara juya ciki sama. Da ta dawo, arba'in da ɗaya muka tsame, aikin shekara tara.

Ta ajiye kayanta, ta sa yatsa a ruwan ta shinshina. Ta dube ni, ta dubi hannuna da ya yi fari don wanki.

"Kin taɓa wadda ke cikin tsohuwar randar nan ta bayan ƙofa?"

"Ban gan ta ba, Yaya."

"To Alhamdu lillahi."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ni kuwa na tsorata ƙwarai, don Inna ba ta ɗaukar wargi, kuma na san in maganar ta fita, sunana ya zama amaryar da ta kashe kifi har jikokina. Da Inna ta leƙo tana tambayar ba'asi, Yaya ta ce, "Ruwa ne ya ɓaci, Inna." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ƙara ko kalma ba. Abin da ta faɗa wa makaranta ke nan bayan hutu.

A randar nan macen kifi guda ce, ta ware ta kwana uku kafin nan. Na leƙa na ga haɓarta ta kumbura, ba ta cin komai. Na ce, "Yaya, ita ma ciwo take yi." Ta ce ba ciwo ba ne, goyo ne. Irin wannan kifin, in macen ta yi ƙwai sai ta kwashe shi a baki, ta rufe, ta yi mako uku ba ci, har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su yi ƙwari. In aka firgita ta, ko ta tofar ko ta haɗiye. Wato duk abin da ya rage na shekara tara yana cikin bakin kifi ɗaya, wanda bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Ranar Idi Sabo ya leƙa randar ya ce, "Yaya, a gaya wa baiwar Allahn nan azumi yau haramun ne." Kowa ya yi dariya ban da ni. Yaya ta hana sa hannu, ta hana buga ƙofa, ta hana daka a kusa da ɗakin. Turmi sai da aka mayar da shi zaure. Kullum da hantsi ni da ita mu tsuguna, ta ɗaga faifan da ta rufe randar a hankali, mu duba, ta mayar. A tsugunen nan ta koya min komai, ba tare da ta ce koya min take ba: gansakukar da na kankare abincinsu ce, soson inji da tsohon ruwansu ake ɗauraye shi, ruwan famfo sai ya kwana biyu a buɗe, sabulu ko ƙamshinsa bai halatta ba.

Kwana goma sha takwas bayan Sallah, ta ɗaga faifai, sai ga wasu abubuwa kamar tsakin gero suna yawo a ƙasan randa. Goma sha bakwai. Uwar ta rame, kai ya fi jiki. Na fashe da kuka, Yaya ta ce in matsa baya kada hawayena ya ƙara wa ruwan gishiri. Duk kifin da ke makarantun nan goma sha ɗaya, jikokin wannan uwar ne.

Yaya, ke ce mai riƙe abu a baki har ya rayu. Shekara goma sha uku kina riƙe da maganata, Inna ta rasu ba ta ji ba, Sabo ma a wannan rubutun zai gani. Da kin furta a ranar, da gaskiyarki, kuma da zamana a gidan nan ya yi ɗaci tun daga farkonsa. A walimar ritayarki an yaba miki zuwa aiki kan lokaci, an ba ki kular abinci da atamfa. Ba wanda ya ambaci kifi. Ni na ambata, kuma na gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba mu masu koyi da ke. Mai ɗan wuri a gida ya je ya karɓi kifi biyu ya koyi haƙuri a kansu. Wanda kuma na ƙasa da shi ya yi wa ɓarna da kyakkyawar niyya, ya tuna akwai yadda ake gyara mutum ba a fasa shi ba.

Yanzu idonta ya soma rauni, ba ta ganin ƙananan sosai. Makon jiya ta kira ni ɗakin, ta miƙo min tiyo da 'yar komar kamun kifin, ta ce daga yau gilasan shida nawa ne. Na ja da baya na ce, "Haba Yaya, ni? Duk 'ya'yanki da ɗalibanki?"

Ta ce, "Karɓi mana. Duk birnin Kano wa ya kai ki sanin abin da sabulu ke yi?"

Na karɓa da hannu biyu.