Ranar da Tutar Ingila Ta Ƙi Sauka

Komai tsufan da zan yi, ba zan manta da bikin cikar Najeriya shekara hamsin da samun mulkin kai ba, domin a ranar ce saura ƙiris in mayar da ƙauyenmu hannun Turawa.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Roni. Hedimastanmu yana dab da ritaya, ni kuwa na ƙwallafa rai a kan kujerarsa. Da na ji Sakataren Ilimi zai zo bikin, sai na shirya wasan da zai burge shi: a sauke tutar Ingila, a ɗaga ta Najeriya. Wa kuma zai fito a Bature in ba ni ba? Na sa tela a Kazaure ya ɗinka tutar, na aro hular kwano wajen ɗan acaɓa na naɗe ta da farin ƙyalle.

Ana gobe biki, wani dattijo maƙwabcina da ya haura tamanin ya tarar da ni ina ɗaga tutar a dogon itacen turaren da muka kafa. Ya ce, "Malam, igiya biyu ka haɗa. Ƙullin nan in ya shige zoben sama, ba zai dawo ba. Kuma da za ka ba ni dama gobe in ce wani abu, don na ga zamanin da idona."

Na ce, "Baba, ka huta kawai, duk yana cikin littafi." Har yau in na tuna wannan amsar sai kunya ta rufe ni.

Da hantsi fili ya cika maƙil. Na fito da gajeren wando, fuska fara fat da alli, ina taƙama ina gwamutsa Hausa irin ta Turawa. Na yi wa talakawa ban kwana, na sara wa Sakatare, na ja igiya. Tuta ko gezau. Na sake ja ina murmushin yaƙe. A na uku na zuba ƙarfina duka, igiya ta tsinke, na zube warwas, hula ta gangara har gaban manyan baƙi. Tutar Ingila tana can sama tana kaɗawa abinta.

Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Shi ke nan, sun fasa tafiya!" Wuri ya kaure da dariya. Na rungumi itace zan hau, ban yi nisa ba na sulmiyo, wando ya yage ta baya.

Sai ga dattijon nan ya taso yana dogara sanda. Ya ce, "Malam, bari haka. Ta gaskiyar ma ba mutum ɗaya ya sauke ta ba. Ku kawo fartanya."

Magidanta suka shiga tone gindin itacen, shi kuma ya fara magana ba tare da lasifika ba. Ya faɗi yadda ya ɗauki gadon Bature a ka daga Kazaure zuwa Roni yana saurayi, ba a ko tambayi sunansa ba. Ya faɗi yadda aka ɗaure yayansa don ya je taron siyasa, da yadda suka yi layi a rana suka jefa ƙuri'ar farko. Dariya ta ɗauke, ba ka jin komai sai sautin fartanya.

Da aka kwantar da itacen, shi ya kwance tutar da hannunsa, ya ɗaura mai kore da fari. Maza da mata suka taru aka ɗaga. Ya daɗe yana kallonta hawaye na bin gemunsa, ni kuwa ina gefe riƙe da wando.

Sakatare ya matso ya ce, "Malam, kai ka tsara jawabin dattijon nan?" Wallahi ƙarya ta zo min har baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni hana shi na yi."

Kujerar hedimasta dai, wani aka ba. Ni kuma na sami sunan da ya bi ni har yau, don ko jikokina Bature suke ce min. Amma tun daga ranar na gane cewa in wanda abu ya faru a kansa yana raye a bakin ƙofarka, ajiye littafi ake yi a shimfiɗa masa tabarma a saurara.