Ranar da Na Kori Ƴar Gada

Har yau in na ji ƙanshin gujiya a cikin toka, sai in ga kaina a Takanamat, a tsakar gidanmu, bayan an gama yankan hatsi. Da an ci tuwo an yi isha'i, Kaka Hajo takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta binne gujiya a gefe, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ne nake kwanciya a jikin ƙafarta. "Angona," take ce mini, "ragon miji, ko akuya guda ba ka kawo min ba, sai ci." Kowa ya yi dariya, ni kuwa in kumbura baki.

In za ta fara, sai ta ce, "Ku miƙo kunnuwanku in zuba muku." Mu ce, "Ga su nan, Kaka!"

Tatsuniyar da ta fi yi mana, kuma wadda na fi tsana, ita ce ta tsohuwa da ƴar barewa. Wata tsohuwa mai awaki ta tsinci ƴar barewa a daji, maharbi ya kashe uwarta. Ta goyo ta zuwa gida, ta riƙa kama akuya tana shayar da ita. Kullum da marece tsohuwa takan ƙwanƙwasa ƙwaryar dussa, awaki su sheƙo, barewa tana gaba. Har a ɗaki take kwana. Ranar da ƙahonta ya fito, tsohuwa ta ƙwanƙwasa ƙwarya, barewa ta taho da murna, sai tsohuwa ta tare ta da bakin wuta. Washegari ma haka. Kwana bakwai tana yi, har barewa ta shiga daji ba ta dawo ba. Can wata rana maharbi ya ɓuya a bayan kalgo yana ƙwanƙwasa ƙwarya. Barewa na ji ta arce, ta tsira.

"Muguwa ce!" na ce, ina kuka. "Ai tana iya riƙe ta a gida."

Kaka ta ɓare gujiya ta tura min a baki. "Angona, in ka yi gemu ka taho mu yi maganar. Yanzu kowa shi kama tabarmatai."

Na yi gemun, amma ban je ba. Shekarar da damina ta ƙi, na ɗaure jakata zan tafi cirani kamar sauran samarin Adar. Na shiga yi mata ban kwana ina jiran addu'a mai tsawo. Ko kallona ba ta yi ba. "Tahi can," ta ce. "Ba ni da tuwon ba ƙato. Kak ka kuskura in gan ka nan bana." Wallahi maganar ta ƙona ni. Daga Tawa har Ƙonni ina cikin mota ina haɗiyar ta.

Yawo ya kai ni Kamaru, cikin kurmi, inda na samu aiki a wani gidan rainon namun daji marayu. Tun asuba nake yanka gwanda da ayaba ga birai, in wanke keji, in canza wa aku ruwa, in dama madara. Da Madam likitar wurin ta ji ɗan masu kiwo ne ni, sai ta damƙa min wata ƴar gada da aka ƙwace a hannun masu sayar da nama. Tafin hannuna biyu suka ɗauke ta, tana rawar jiki. Madam ta ce da Faransanci, "Issufu, wannan daji za ta koma. Ba suna, ba hira, ba wasa."

Na kiyaye duk wannan. Abu guda ne ban ko san ina yi ba: duk sanda na kawo abinci sai na ƙwanƙwasa kwano da yatsa, kamar yadda ake yi wa awaki a gidanmu. Hannu ne ya saba.

Bayan wata biyar, ana shirin sakin ta, mai dafa mana abinci ya buga kwano a madafa. Ƴar gada ta sheƙo har bakin wayar keji tana kaɗa bindi. Madam ta dube ni. Ta ce duk ƙauyen da aka taɓa kwano, wannan da ƙafarta za ta kai kanta tukunya. In ba a gyara ba, keji ne gidanta har ta mutu.

Ai na san gyaran, tun ina yaro aka zuba min shi a kunne. Na ƙwanƙwasa kwano, ta taho, na watsa mata ruwa na daka mata tsawa. Ta ja baya ta tsaya tana kallona. Kai, kallon nan! Na koma bayan ɗaki na yi kuka, ni da gemuna. Ba kwana bakwai ba, sati uku na yi. Ranar da aka buɗe akwatin da aka ɗauko ta a ciki a bakin kurmi na ƙwanƙwasa kwano, sai ƙarar ganye kawai muka ji.

Da marece na kira ƙanwata Zali a waya, don Kaka ta rasu tun shekarata ta uku a waje. Na tambaye ta abin da na daɗe ina tsoron tambaya: me ya sa Kaka ta kore ni haka.

"Yaya, ashe ba ka sani ba?" ta ce. "Ran da ka tahi, kwana biyu ba ta sa komi a baki ba. Cewa ta yi in ta sakar maka fuska, ba ka iya wuce Tawa."

Na zauna a kan akwatin da babu komai ciki, kwano a hannuna. Shekaru ina riƙe da tsohuwar nan a zuciya, ashe ni ne barewar. Kaka, ga gemun, har ya fara furfura. Na taho mu yi maganar, na tarar wuta ta mutu.